Guguwar teku da mutanen da ke nesa da teku: tambayoyi da amsoshi daga Yamai

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a nan Yamai. A ƙarshen daminar 2024, muna tsaka da kwashe namu ruwan daga ɗakuna, sai hotunan wata guguwa mai suna Helene suka cika wayoyi: motoci na iyo, gidaje na tafiya a kan ruwa, kuma wai a cikin duwatsun Amurka ne, nesa da teku. Tun lokacin nake shan tambayoyi, daga ɗalibai, daga abokan shan shayi a fada, har da iyayen da 'ya'yansu ke ƙetare. Na tattaro waɗanda aka fi maimaitawa.

Malam, wai mece ce guguwar teku? Irin wadda ke tashi da bazara tana kwasar leda ce?

A'a, suna kawai suka haɗa. Tamu ta bazara, wadda yara ke gudu idan ta taso, ba ta wuce 'yan mintoci. Guguwar teku kuwa hadari ne guda mai juyawa, faɗinsa ɗaruruwan kilomita, yana iya yin kwanaki ko makonni yana tafiya.

A kan ruwan teku mai ɗumi take haihuwa, wanda zafinsa ya kai digiri 26 zuwa 27. Tururi ya tashi sama, ya huce ya zama girgije, hucewar nan ta saki zafi, zafin ya ƙara jawo iska daga ko'ina, juyawar duniya kuma ta murɗa iskar ta zama kewaye. A tsakiya akwai wani fili shiru da ake kira ido. Idan gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa, ta cika guguwa. An raba ƙarfinta mataki 5, na biyar yana farawa daga kilomita 252 a awa. A tekun Atlantika ana ce mata hariken, a gabashin Asiya taifun, a tekun Indiya sikilon, amma abu ɗaya ne. Lokacinta a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ta fi tsanani a watan Satumba.

Za ta iya zuwa Yamai ko Tawa?

Ba za ta zo ba. Tekun da ya fi kusa da mu, wajen Kwatano da Lome, ya yi kusa da tsakiyar duniya sosai, inda juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa iska. Can yamma kuma, inda guguwar ke haɗuwa bayan Senigal, iskar sama yamma take tura ta, tana nesanta ta da mu. Wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa hariken na tafe Nijar gobe, kada ka tura wa kowa.

Amma an ce daga wajenmu take tasowa. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma wannan ne ɓangaren da ɗalibaina suka fi yin tsit idan ina bayaninsa. Duk wanda ya yi damina a ƙasar nan ya san hadari daga gabas yake haɗowa. Gari ya yi zufa, gabas ta yi baƙi ƙirin, jar ƙura ta riga ruwa isowa, mata su hau kwashe shanya, sannan ruwa ya tsuge. Bayan kwana uku, huɗu ko biyar wani ya biyo baya. Wannan jerin ba haka kawai yake ba. Akwai wata igiyar iska a sama da ke tasowa daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta ratsa Cadi da Nijar da Mali, tana ɗauke da tarin hadari, har ta faɗa Atlantika ta wajen Senigal da Gine. A shekara akan samu kimanin 60 irinta.

Yawancinsu suna watsewa a kan teku. Kaɗan kuwa suna samun ruwa mai ɗumi kusa da tsibiran Kap Ber su fara juyawa, kuma masana sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na manyan guguwoyin Atlantika daga nan asalinsu yake. Wato hadarin da ya shayar da hatsin manomin Adar yau, mai yiwuwa ne bayan mako biyu ya yaye rufin wani a jihar Fulorida ta Amurka. Wani masani Ba'amurke, William Gray, ya nuna a 1990 cewa shekarun da damina ta yi albarka a yammacin Sahel manyan guguwoyi sun fi yawa, a shekarun farin 1970 da 1980 kuwa sun ragu. Haka kuma ƙurar Sahara, busasshiyar iskar nan mai zafi, idan ta bazu kan teku tana shaƙe guguwa tun tana jaririya. Ashe iri daga wajenmu yake, wani lokaci maganin ma daga wajenmu.

To idan ta hau tudu ba mutuwa take yi ba? Yaya za ta cuci wanda ke nesa da gaɓa?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, kuma ruɗun yana cin rayuka. Gaskiya ne idan guguwa ta bar teku ta rabu da abincinta, cikin yini ɗaya iskarta ta ragu ƙwarai. Amma ruwan da ta ɗebo daga teku yana nan a cikinta, sai ta sauke shi. Kamar jakin ga-ruwa ne da ya gaji: ƙarfin gudu ya ƙare, kayan na bayansa. Idan ta yi karo da duwatsu sai iskar ta hau sama tilas, ta huce, girgijen ya matse kamar yadda mace ke matse wanki. Idan kuma tafiyarta ta yi sanyi, sai ta tsaya a kan wuri ɗaya tana zuba.

Helene ta hau ƙasa a Fulorida daren 26 ga Satumba 2024 tana mataki na 4. Inda ta fi kisa kuwa shi ne yammacin jihar Karolina ta Arewa, cikin duwatsu, fiye da kilomita 600 daga inda ta shigo. Dama an kwana biyu ana ruwa a can kafin isowarta, ƙasa ta ƙoshi ba ta iya shan ko ɗigo. A wani ƙauye mai suna Busick an auna kusan milimita 780 cikin kwana uku. Ku kwatanta: Yamai takan samu tsakanin 500 da 600 a damina guda cur, Tawa ba ta ma kai haka. Koguna suka wuce iyakar da aka sani tun ambaliyar 1916, gangaren duwatsu suka zame da itatuwa da gidaje, manyan hanyoyi suka yanke. Fiye da mutum 100 suka rasu a wannan jiha kaɗai, jimilla kuwa fiye da 200. Birnin Asheville, wanda mutane ke ƙaura zuwa cikinsa don suna ganin ya fi ƙarfin irin wannan masifa, ya yi sama da kwana 50 babu ruwan famfo mai shayuwa.

Ba sabon abu ba ne. A 1969 guguwar Camille ta shiga ta Misisipi, kowa ya ɗauka ta mutu, bayan kwana biyu ta sauke ruwa cikin dare ɗaya a duwatsun Bajiniya, ta kashe fiye da mutum 100 suna barci. A 1998 Mitch ta halaka sama da mutum 11,000 a Amurka ta Tsakiya, akasari ta hanyar ambaliya da zaftarewar ƙasa, har babban birnin Honduras da ke cikin tudu. Cibiyar da ke sa ido kan guguwa a Amurka ta ce daga 2013 zuwa 2022, fiye da rabin waɗanda guguwa ta kashe kai tsaye a ƙasar, ambaliyar ruwan sama ce ta ci su.

A Afirka fa, an taɓa gani?

An gani, kuma a ƙasashen da ba su da teku kamar tamu. A watan Maris 2019 Idai ta shiga ta Beira a Mozambik. Kimanin kilomita 200 daga nan, a tsaunukan Chimanimani na Zimbabuwe, ruwa ya ɓalle da duwatsu cikin dare ya rufta wa unguwanni. Wasu gawarwakin sai a Mozambik aka tsinto su, inda kogi ya kai su. A ƙasashe uku, har da Malawi, an rasa fiye da mutum 1,000.

A 2023 Freddy ta yi kwana 36 tana yawo a tekun Indiya, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba. Malawi ce ta fi ji a jika. A Blantyre, laka da duwatsu suka gangaro daga tsaunin Soche suka binne gidajen talakawa da ke gindinsa. Ɗaruruwa suka mutu, wasu ɗaruruwan ba a gan su ba har yau. A shekarar dai, ranar 10 zuwa 11 ga Satumba, guguwar Daniel ta zuba ruwa a duwatsun gabashin Libiya, madatsai biyu suka fashe, ruwan ya bi kwari ya share tsakiyar birnin Derna da dubban mutane. Derna a bakin teku take, amma ruwan da ya cinye ta daga tudu ya zo, ta bayan gari. Wannan labari ya taɓa mu kusa, don gidaje nawa ne a Adar da ba su da ɗa ko ƙane da ke ci-rani a Libiya?

Ke nan iskar ba ta da illa a tudu?

Tana da ita. A 1989 Hugo ta isa birnin Charlotte na Amurka, kusan kilomita 300 daga gaɓa, da sauran ƙarfinta, ta zubar da itatuwa ta bar mutane makonni cikin duhu. Ƙasar da ta jiƙe ba ta riƙe saiwa, iska kaɗan ta isa ta kayar da babban icce a kan ɗaki. Gefen guguwar kuma yakan haifi ƙananan guguwoyi masu murɗawa, masu kisa cikin ƙiftawar ido. Ivan ta 2004 ta haifi fiye da 100.

Me ya sa take samun mutanen tudu ba shiri, alhali ana ba da sanarwa?

Saboda sun ɗauka sanarwar ba tasu ba ce. Mutumin bakin teku ya gaji tsoron guguwa daga kakanni, ya san hanyar gudu, ya san inda za shi. Na tudu yana kallon talabijin yana tausaya wa wasu.

Akwai kuma matsalar lambar nan ta mataki. Iska kaɗai take aunawa, ba ta faɗin komai game da ruwa. Idan aka ce guguwa ta sauko daga mataki na 4 zuwa na 1, ko ma ta fita daga sahun guguwa, sai hankali ya kwanta, alhali a daidai lokacin ne mutumin tudu ya kamata ya tashi tsaye. A ganina wannan babban gibi ne a yadda ake ba da labari, kuma 'yan jarida suna da nasu alhakin. Ƙari a kan haka, ruwan kwari yakan zo da dare, cikin mintoci, a wuraren da hanya ɗaya ce ta shiga da fita. Gada ɗaya ta karye, gari ya zama tsibiri.

Bayan ruwa ya janye, shi ke nan an huta?

Ina fa. Rijiyoyi sun haɗu da masai, kwalara ta samu ƙofa, kamar yadda ta ɓarke a Beira bayan Idai. Tabkuna sun kwanta, sauro ya yi yawa. Mai hawan jini da mai ciwon suga maganinsu ya tafi da ruwa, hanyar likita ta yanke. A Amurka, duk bayan guguwa ana samun waɗanda hayaƙin janareto ya kashe don sun kunna shi cikin gida, gubar da ke cikin hayaƙin kuwa ba ta da wari ba ta da launi. Wannan gargaɗi ya shafe mu ko babu guguwa, tunda mu ma da janareto muke kwana idan an ɗauke wuta. Sai kuma gona: amfanin da ya kusa nuna ya kwanta cikin laka, rumbu ya rushe, bisashe sun tafi. Yunwar takan zo bayan watanni, lokacin da masu ɗaukar hoto sun daɗe da komawa gida.

Tunda ba ta zuwa nan, ina ruwanmu da ita?

Ruwanmu da ita shi ne, abin da ke kashe mutanen tudu a can shi ne yake kashe mu a nan: ruwan da aka yi a wani wuri, ya zo ya same ka a gida.

Kogin Kwara cika biyu yake yi a Yamai. Akwai wadda ke zuwa da sanyi, tsakanin Disamba da Fabrairu, ruwan da aka yi a duwatsun Gine tun damina, ya yi watanni a hanya. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda ƙoramun Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa daga wajen Burkina Faso. Shi ne mai haɗari. Idan ma'aunin kogi ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi. A Satumban 2020 ya kai wajen 700, shingen da ke tare ruwa ya ɓalle, unguwannin Lamorde da Kirkisoy da Saga suka sha.

A daren ina Harobanda, gidan wata gwaggona. Abin da ba na mantawa shi ne sama garau take, taurari a fili. Ruwan bai yi ƙara ba. Ta ƙarƙashin ƙyaure ya shigo, ya ɗaga takalman da ke bakin ƙofa, awaki suka fara kuka. Na haska gindin katanga da fitilar waya, na ga laka ta yi baƙi har kamu biyu, na danna yatsa ya shige kamar tuwo. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, bari gari ya waye, ina za ni da tsohon dare?" Na ce, "Gwaggo, ki yi mini rai, katangar nan ba za ta kai asuba ba." Muka fita da jakar takardu da tabarma biyu. Kafin kiran salla ɗakin ya zauna. Ginin ƙasa daga gindi yake mutuwa, kuma ba ya jira ruwa ya kai gwiwa.

Mutanen Agadas sun ga irin wannan a farkon Satumba 2009, da ruwan duwatsun Ayar ya biyo ƙoramar Telwa ya faɗa gari. A jihar Tawa kuwa, duk direban da ke bin hanyoyin Keita da Buza da kwarin Magiya ya san ƙorama busasshiya tana iya cika cikin minti goma ba tare da ɗigo ya taɓa gilashin motarsa ba. Ƙarar ce ke fara zuwa, sannan kan ruwan, da kumfa da karare da itace. A 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi sama da miliyan ɗaya, tsohon masallacin Damagaram ya rushe, hanyoyin shiga Yamai suka yanke na 'yan kwanaki, aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Babu hariken ko ɗaya a ciki.

Malam, ɗana yana Amurka, ya ce garinsu nesa yake da teku. In kwantar da hankalina?

Hajiya, ki kwantar, amma ki ja masa kunne. 'Yan Nijar suna da yawa a Greensboro, cikin jihar nan da Helene ta yi wa ɓarna, ko da yake garinsu bai sha irin ta yamma ba. Akwai su kuma a Niyok. A 2021 guguwar Ida ta shiga ta Luwiziyana, bayan kwana uku ragowarta ta isa Niyok, kusan kilomita 2,000, ruwa ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, mutane suka mutu a ciki, akasarinsu baƙi masu neman haya mai sauƙi. Ki tambaye shi ko ɗakinsa a ƙasa yake. Ki ce kada ya kashe saƙon gargaɗin da ke shigowa wayarsa, idan an ce a tashi ya tashi, kuma kada ya shiga ruwa da mota don gudun makara wurin aiki. Idan kin kira ba ki same shi ba bayan guguwa, sau da yawa wuta da layin waya ne suka ɗauke.

Shin tana taɓa aljihunmu?

Takan taɓa, a kaikaice. Shinkafar da muke ci da yawa daga Asiya take zuwa ta jirgin ruwa, idan guguwa ta lalata gonaki ko ta rufe tashar jirage a can, farashi yana iya motsawa har kasuwar Katako. Wanda ke aiko da kuɗi daga waje kuma, idan aikinsa ya tsaya wata guda, tukunyar gida ce ke fara sani.

Ɗumamar yanayi tana da hannu?

Tana da shi ta fuskar ruwa. Duk ƙarin digiri ɗaya na zafi yana sa iska ta riƙe ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin 100, abin da ta riƙe kuwa sai ta sauke. A Sahel ma bincike ya nuna manyan hadura masu zubar da ruwa da yawa a lokaci guda sun ƙaru tun daga shekarun 1980. Amma kada mu ɗora wa sama komai. Gina gida a hanyar ruwa, toshe magudana da shara, da sare itatuwan da ke riƙe ƙasa, aikin hannunmu ne. Kwarin Guntu Yena da ya ratsa Yamai hanyar ruwa ce tun kafin a kafa unguwannin da ke gefensa.

Ai abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, ko ba haka ba?

Haka ne, Baba, kuma babu mai ja da wannan. Sai dai an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Tashi daga ɗakin da ya jiƙe yana cikin ɗaure raƙumin.

To wa za mu saurara, kuma me za mu tanada?

Abin alfahari ne cewa cibiyoyin da ke lura da wannan al'amari a nan Yamai suke zaune: hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, cibiyar AGRHYMET, cibiyar ACMAD ta Afirka baki ɗaya, da hukumar kula da kogin Kwara. Sanarwarsu tana fita a rediyo da talabijin. Idan kana zaune kusa da kogi, ka riƙa neman sanin inda ma'auni ya kai daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba. Idan kana kusa da ƙorama, ka riƙa kiran 'yan'uwa da ke sama da kai ka ji ko an yi ruwa a wajensu, don kiran waya ɗaya yana iya ba ka rabin awa.

Takardun haihuwa, na fili da na makaranta a sa su a leda a rataye sama. A san tun da rana wane tudu za a nufa da wanda zai ɗauki tsofaffi da yara. Bayan ambaliya kada a sha ruwan rijiya sai an tafasa ko an sa masa magani. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato bai wuce idon sawu da yawa ba, yana kayar da babban mutum. Santimita 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa na tafiya da babba. Idan direba ya nufi ƙorama mai gudu, fasinjoji su ce ya tsaya, idan ya ƙi su sauka, yawanci ruwan kan janye cikin 'yan awoyi. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce.